Jakin da 'Yan Fim Suka Kora

Ban taɓa riƙe alƙalami ba, ban kuma ga abin da hakan ya rage ni da shi ba. Wannan ma da baki nake faɗa, ana rubutawa. Amma akwai littafi ɗaya da yake zaune a kaina tun ina amarya, wanda 'yan fim suka ɗauka suka juya har sau biyu. Na farkon dariya kawai ya ba ni. Na biyun kuwa saura ƙiris ya raba ni da irin gyaɗar da na gada a wurin uwata.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya kawo littafin. Ya shiga ajin yaƙi da jahilci muna sabon aure, da ya ga ya fara haɗa baƙi sai ya tafi kasuwar Ɗanbatta ya sayo shi, don unguwa ta san an yi karatu a gidanmu. Karatun nasa kuwa kamar amalanke a cikin yashi. Ya ɗora yatsa a kan kalma, ya ja ta, ya tsaya, ya koma baya ya sake ja. Kafin ya kai ƙasan shafi ni na haddace samansa. Da bazara yake karanta mini a gindin darbejiyar tsakar gida, lokacin da babu aikin gona, ni kuma ina ɓarar gyaɗar iri. Kowace shekara sai ya sake ɗauko shi daga farko, don shi ke nan littafin da yake da shi ban da na addini. Bayan ya rasu gara ta shiga adakarsa ta cinye takardun ta bar mini bango. Ita ma ina jin ta ji daɗin labarin. Tun daga nan ni ce littafin a unguwarmu.

Labarin wani ɗan maƙeri ne a zamanin fatake, tun kafin Turawa. Gajere ne, baƙi, yana ɗingishi da ƙafar hagu, ga tsoro. Wansa ya bi ayarin goro zuwa Gwanja ya yi shekara da shekaru bai dawo ba, uwarsu ta tsufa tana kallon hanya, shi ne wannan abin tausayi ya ce zai je ya dawo da shi. Dukiyarsa duka jaki ne mai kunne ɗaya, kura ta tafi da ɗayan. A cikin ayarin akwai wata bazawara mai sayar da daddawa, ta kusa haifarsa, bakinta ya fi daddawarta ƙarfi. Ta ɗora kayanta a kan jakinsa a kan za ta riƙa ba shi tuwo. Su ukun nan su ne labarin: gurgu, jaki, mai daddawa. Sun ƙetare kogi ruwa na kai musu wuya, sun ratsa garin da agana ta shiga, sun ci ganye, har 'yan fashi suka tare ayarin suka jefa gurgun a busasshiyar rijiya.

Ga inda labarin ya haɗu da gyaɗata. Ina da gayaunata a bayan gari, ƴar gona ce tawa ta kaina, ba ta gandu ba. Da gyaɗarta nake yin mai da ƙuliƙuli, da ita nake zuwa biki da suna ba tare da na miƙa wa kowa hannu ba. Irin kuwa na uwata ne, ƴar ƙaramar ƙwaya ja wadda ba ta jin tsoron fari. Gyaɗar iri ba a kai ta inji, don inji yana fasa ƙwaya, wadda bai fasa ba ya saɓule mata jar rigarta, in an shuka ta ruɓe a ƙasa. Da hannu ake ɓare ta, ido yana kan kowace ƙwaya. Motsattsiya gefe, wadda ta yi baƙi gefe, wadda ƙwaro ya huda gefe. Ba a kuma ɓare ta da wuri, sai shuka ta matso. Aiki ne na hannu da yawa a ƙurarren lokaci, yatsuna kuwa sanyi ya daɗe da ƙandarar da su.

Tatsuniya ba a yin ta da rana, wannan ko ɗan yaye ya sani. Amma nawa ba tatsuniya ba ce, labari ne na littafi da aka buga da tawada, ba mai cewa komai. Saboda haka in an sauke sanwar rana sai matan unguwa su hallara a gindin darbejiya, a shimfiɗa tabarmi, a zube gyaɗa a tsakiya. Su hannu, ni baki. Ba na biyan kowa, ba mai biyana. Inda labari ya yi zaƙi nan nake cewa wuyana ya bushe, sai gobe. Kafin gurgun ya dawo daga Gwanja buhuna ya ƙare. Haka muka yi shekaru, wasu sun ji shi tun suna goye, sun dawo sun ji shi da nasu goyon.

Fim ɗin farko ya zo ne zamanin kaset. Wani maƙwabcinmu da ke aiki a Kano ya kawo talabijin da janareta ranar sunan ɗansa, aka ce mata su shigo bayan la'asar. Na je, don kada a ce ina jin tsoro. Waɗannan dai sun yi ƙoƙari, gwargwadon hankalinsu. Sun bar gurgun da ɗingishinsa, sai dai mai wasan ya kan manta wace ƙafa ce: yanzu hagu, an jima dama, da aka biyo su da gudu kuma sai ya warke sarai. Sun bar jakin, amma wani ƙato ne mai sheƙi, da kunnuwansa biyu cif, wanda ko kallon kura bai taɓa yi ba. Mai daddawa suka cire ta ɗungurungum, suka sa wani dattijo mai farin gemu a madadinta, wanda duk inda aka sauka sai ya miƙe ya yi nasiha har janareta ya fara tari. Kogin da ya kusa cinye ayari wata ƴar ƙorama ce da ruwa iya gwiwa, mutane na birgima a ciki suna salati, ga turken lantarki a bayansu yana kallonsu. Rijiya babu ita. Suna isa Gwanja wa da ƙane suka rungume juna, kaset ya ƙare. Muka yi dariya muka watse. Bai cuce ni da komai ba, talabijin ɗin ta koma Kano da mai ita, da bazara ta zagayo mata suka dawo gindin darbejiya.

Na biyun bana ya zo, kuma bai zo da janareta ba. A cikin ƙugun zanen kowace mace ya shigo. Mai cajin waya na bakin tasha shi yake tura musu shi kashi-kashi, duk mako sabo. Ni ban san ana yi ba sai da na zube gyaɗa, mata suka zo, na buɗe baki na ce a wani gari an yi wani ɗan maƙeri gajere mai ɗingishi, sai na ga ana kallon juna ana danne dariya. Matar ɗana, yarinya mai ladabi in tana so, ta ce Inna ai labarin nan an yi fim ɗinsa, kuma ba gajere ba ne. Ta ce don me zan wahalar da maƙogwarona, a kunna wayar mana kowa ya gani da idonsa, ana kallo ana ɓara.

Taubashiyata tana zaune kusa da ni, ƴar kawuna ce, tun muna yara ba mu daidaita a kan wace ce baiwar wata ba. Ta ce, "Ki yarda mana, baiwata. Ko tsoro kike a gane shekara da shekaru ƙarya kike shirga mana?"

Na ce a kunna. Aka kifa turmi, aka jingina wayar da ƙoƙo.

Ɗan maƙerin nawa ya zama dogo, fari, gemu a daidaice kamar yanzu ya tashi daga gaban wanzami. Ɗingishi babu, tsoro babu, takobi a hannu. Jakin sun sallame shi, sun ba shi farin doki. Mai daddawa ta koma ƴar budurwa mai gashin ido kamar tsintsiya, turare take sayarwa. Ayari yana tafiyar watanni a daji, ita kuwa kowace safiya da sabon leshi mai karin guga, ban ga inda take ajiye su ba. In yunwa ta kama ayari, su biyun sai su ɓulla a wani lambu mai furanni su yi ta waƙa suna zagaya bishiya. In an mutu, waƙa. In an ƙetare kogi, waƙa, da wasu tufafin. Sarkin 'yan fashi yana da agogo a hannu, ina jin don kada ya makara fashi.

Ni ba wayar na fi kallo ba, hannuwa nake kallo. Labarin baki kunne yake shiga, ya bar ido da hannu su yi aikinsu. Wannan kuwa ido yake kamawa, in ya kama ido hannu ya zama maraya. Wata ta riƙe gyaɗa ɗaya tun farkon waƙa har ƙarshenta ba ta fasa ba. Wata tana jefa ɓawo a masaki, ƙwaya a tulin ɓawo. Taubashiyata tana ɓarewa tana kaiwa baki, ta ce ba ta sani ba. Da aka tashi na duba masaki, abin da ke ciki bai kai na rabin yini ba, shi ma da ruɓaɓɓiya da motsattsiya da ɓawo duk a haɗe. Tulin ɓawon kuwa kafin in yi magana an kwashe an zuba wa awaki, suka ci irin uwata suna kaɗa wutsiya. Na juye na wannan rana a wata ƙwarya daban na rufe.

Washegari na ce wayar nan kada ta ƙara shigo mini tsakar gida lokacin aiki. Suka ji magana ƙwarai. Wayar ba ta ƙara shigowa ba, su ma haka. Suka koma gidan wata amarya mai babbar waya, daga inda nake zaune ina jiyo waƙar ta kan katanga. Daga ni sai taubashiyata a gindin darbejiya, tsofaffi biyu da yatsu kamar ƙirare, rabin abin da ta ɓare kuma a cikinta yake kwana.

Ruwan farko ya sauka, maza suka shuka gero. Saura na biyu, wanda in ya jiƙa ƙasa sosai ake sa gyaɗa. Hadari yana haɗuwa ta gabas kullum da yamma, buhuna ko wuyansa bai sauka ba. Ɗana ya shigo ya tsaya a kaina. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na kuma kallon idonsa in yi magana. Ya ce, "Inna, ranar kasuwa zan kai buhun nan inji a Ɗanbatta. In ya farfasa sai ki yi ƙuli da shi, mu sayo sabon iri, wanda ake yayi."

Na dubi wata kaza da ke tono a gabana na ce mata ta gaya wa mai wannan magana, irin da ya ciyar da shi har ya yi gemu ba zai shiga bakin inji ina raye ba. Ya yi dariya ya ce da kazar ta gaya mini damina ba ta jiran kowa, ranar kasuwa zai ɗauka. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo. In iri ya tsallake shekara ba a shuka shi ba, shi ke nan, ya tafi.

Ana haka na ji matar ɗana ta dawo daga gidan amaryar tana tsaki. Na tambaye ta ko an yi mutuwa ne. Ta ce a fim ɗin 'yan fashi sun jefa ɗan maƙerin a rijiya, kashin ya ƙare a nan, mai cajin waya kuma ya ce na gaba bai fito ba tukuna, wai masu fim ɗin sun tsaya sai bayan wani lokaci. Ta ce duk unguwa ba wadda abinci yake mata daɗi. Na ce Allah ya kyauta. Da ta shiga ɗaki na juya wurin taubashiyata, wadda in kana so magana ta isa Makoda kafin magariba sai ka ce mata sirri ne. Na ce mata sirri ne, na san wanda ya fito da shi.

Washegari tabarmina ba su isa ba, sai da aka aro. Har waɗanda suka sha jin labarin a bakina sun zo, fim ɗin ya riga ya hautsina musu abin da suka sani.

Na zube gyaɗa. Na ce duk mai waya ta ajiye ta a cikin turmi, a rufe da faifai. Na ce daga bakin rijiya za mu tashi, tunda nan malamansu suka yar da shi. Da na ambaci jaki sai amaryar nan mai babbar waya ta ce, "Baba tsohuwa, ai babu jaki a labarin nan. Doki ne."

Na ce, "Shi ya sa mutuminku yake cikin rijiya har yau, 'yar nan. Sun kori mai fito da shi tun a kashin farko, yanzu suna zaune sun rasa yadda za su yi. Sa hannu."

Ban fito da shi ranar ba. Washegari ma ban fito da shi ba. Littafin bai gaggauta a wurin nan ba, ni ma ban ga dalilin gaggawa ba, ina duban buhu ina auna ƙishirwarsa. Na ba su yadda yake lasar raɓa a jikin dutse, da yadda ya yi kira har murya ta tafi, da yadda yake ganin sama kamar bakin tulu. A sama kuwa jakin nan mai kunne ɗaya, 'yan fashi sun ja shi ya ƙi, sun doke shi ya ƙi, warin daddawar da ke bayansa ya ishe su suka bar shi. Ya tsaya a bakin rijiya yana kuka. Kukan ne ya jawo mai daddawa, wadda ta tsere cikin daji, ta dawo ba don gurgu ba, don kayanta. Ta leƙa ta gan shi, ta fara zaginsa tun yana ƙasa, ta kwance igiyar kaya ta ɗaura a jikin jaki ta jefa masa. Da ya fito rabi matacce, abin da ta fara tambayarsa shi ne wa ya ce ya bar mata kaya a rana.

Suka yi dariya har wata ta ƙware, amma hannu bai tsaya ba. Ina jin ƙarar ɓawo kamar yayyafi a kan kwano. Na kai su Gwanja. Wan nasa ba ɗaure shi aka yi ba, ba kuma sace shi aka yi ba. Ya yi aure, ya yi gonar goro, ya yi tumbi, Hausarsa ma ta fara karkacewa. Ya ce ba zai koma ba. Ya ba ƙanensa huhun goro ya ce ya kai wa tsohuwa. Mai daddawa ta sami kasuwa a can ta zauna, sallamar da ta yi masa ita ce ya riƙa wanke ƙafar nan tasa. Ya juyo shi da jakinsa. Ya iso gida ya tarar uwar ta makance. Ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta kira shi da sunan wansa, ta ce ta san zai dawo. Gurgun ya amsa sunan.

Matar ɗana tana hawaye, tana tsince motsattsiya tana ajiyewa gefe, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Da na ɗaga buhu na zazzage, sai ƙura. Ranar kasuwa ɗana ya shigo ɗaukar kaya ya tarar da masakai a jere an rufe da faifai. Na ce da kazar ta tambaye shi ko injin nasa yana karɓar buhun da babu komai. Ruwa ya sauka, aka shiga gayaunata da sungumi.

Bayan an yi shuka ne kashin nasu ya fito. Na ce matar ɗana ta kawo in gani, yanzu kam ina da lokacin wasa. Budurwar ce ta zo bakin rijiya ta zura masa gyalenta, ya kama da hannu ɗaya ya hau, takobi a ɗaya hannun, rigarsa fara fat. Suka yi waƙa. Wan nasa wani mugun sarki ne ya ɗaure shi, ɗan maƙeri ya karkashe rundunar shi kaɗai, suka dawo gida su uku a kan dawaki. Uwar idonta garau, ita ce ma a gaba wajen rawar biki.

Matar ɗana ta ce, "Inna, ashe ba yadda kika faɗa aka yi ba." Ta ƙara da cewa, ba don raini ba, nasu ya fi daɗin ƙarshe. Amaryar nan kuwa ta bi gida-gida tana cewa ƙirƙiro jakin na yi don in ci guminsu. Littafin da zai yi mini shaida yana cikin gara, wanda ya karanta mini yana cikin ƙasa. Taubashiyata, wadda ta ji labarin daga bakin maigidana da kunnenta, da aka tambaye ta sai ta ce ita ta tsufa, ba ta tuna ko jaki ne ko raƙumi. Na aika wa amaryar cewa in guminta take so, yana gayaunata, ta je ta tone.

Gyaɗar ta fito layi-layi, babu giɓi, kore shar. Sai kusurwa ɗaya ta wajen yamma. Nan na sa aka shuka abin da ke cikin ƙwaryar nan da na rufe, na ranar da aka jingina waya a kan turmi. Ya fito nan ɗaya, can ɗaya, kamar haƙoran taubashiyata. Ɗana ya ce zai cike wurin da wake, na ce da kaza ta ce masa ya bar shi haka. Gonar fim nake kiran wurin. Duk wadda ta zo ta ce mini nasu ya fi nawa, ba na musu da ita. Hanyar bayan gari nake nuna mata, in ce ta duba wajen yamma.